Sauron Da Ke Cikin Rediyo

Mu huɗu ne a siton ran nan. Da ni, Asabe, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Hajiya Mai Kunne. Da Malam Isufu mutumin Maraɗi, mai ɗaurin kaya da lodin kwantena, wanda muka fi shekara goma a sito ɗaya ba abin da ya taɓa haɗa mu faɗa sai fanka. Da Hajiya Rabi mai takalma, da ta zo daga Kano sarin sati uku, annoba ta rufe hanya ta zaunar da ita wata biyar. Sai Madam Can, lauban ɗin da ta kawo rediyoyin, wato mai kayan. Na biyar ɗinmu ba ya ɗakin, ba ya ma ƙasar, kuma har gobe bai san da zamana a duniya ba. Shi ne wanda nake kira Ɗankama. Zan zo kansa.

Don ku nake wannan bayani, ku yaran da ke karatu a garin nan na Gwanzu kuna taɓa dillancin kaya a gefe. Kuna shigowa ku tarar da ni a tabarma da rediyo a kunne, ku dubi juna ku ce, "Hajiya ta huta, biyanta ake ta ji rediyo." Ina jinku. Ku kuwa in an aiko ku duba kaya, kwali ɗaya kuke buɗewa, ku kunna, ya yi magana, ku ɗauka a waya ku tura gida ku ce lafiya lau. Yin magana ba shi ne lafiya ba. Wanda ke kwance a asibiti ma ai yana magana.

A Fagge na koyi aikin, a zauren mijina marigayi Malam Haladu mai gyaran rediyo. Ban taɓa shiga aji ba, kuma bai yi niyyar koya mini ba. Wata rana ya gama gyaran rediyon wani direba, ya kunna, mai shi ya miƙa hannu zai karɓa. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe, na ɗaga murya na ce, "Malam, wannan bai warke ba." Ya ji kunya a gaban baƙo, ya sallami mutumin. Kwana biyu direban ya dawo da shi. Tun daga ranar sai ya riƙa zaunar da ni in juya baya, ya jera rediyo uku a bayana, ya kunna ɗaya ya ce, "Wanne ne, kuma me ke damunsa?" In na kuskure ba ya faɗa, sai dai ya sake kunnawa, ya sake, har in gaji in ji abin da yake so in ji. Shekara biyu muna haka. Shi ya san cikin rediyo, waya da dalma da komai. Ni ban taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ba. Cutar kawai na sani, kuma ni na raɗa mata suna: akwai mai mura, da muryarsa ke fita ta hanci, akwai mai tsatsa a maƙogwaro, akwai mai rawar ciki, wanda wani abu ya kwance a jikinsa yake karkarwa in an ƙara murya.

Doka uku ya bar mini, ban karya ko ɗaya ba. Ba a cin goro ana gwaji, don ƙarar muƙamuƙinka za ka ji. Ranar da kake mura ka zauna a gida. Ta ukun ita ce babba: ba a gwaji da karatun Alƙur'ani ko tafsiri, domin aikinmu kunnawa ne da kashewa, ba ka yanke aya a tsakiya don ka ji lafiyar lasifika.

Kayan aikina ga su nan, ba su cika jaka ba. Batir kashi biyu, sababbi da masu rauni, don wani rediyon sai batir ya yi sanyi halinsa ke fitowa. Auduga, da nake toshe kunne da ita tun daga ƙofar gida, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da kan titi, ba na cirewa sai na zauna a tabarma. Sai alli. Ban iya sa hannu ba, saboda haka kwalin da na yarda da shi zobe nake zana masa, wanda na ƙi in ja masa layi. Kowane kwali biyar nake zarowa, daga sama da tsakiya da can ƙasa inda ake ɓoye marasa kunya. In ɗaya ya faɗi, a zazzage kwalin gaba ɗaya. Akwai 'yan kasuwa a Kano da Katsina da Damagaram da ba sa buɗe kwali in sun ga zoben nan. Shi ne duk abin da na mallaka.

Aikinmu na farko a Gwanzu ya kusa kunyata mu. Wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko Malam Haladu ya riƙa duba masa kaya, Malam ya ce ba ya zuwa sai da kunnensa, wato ni. Muka zauna a sito, bango ko'ina siminti da ƙarfe, tasha ba ta shigowa sosai. Gajeren zango kuwa da kansa yake tafiya ya dawo, ba ka sanin rediyon ne ba lafiya ko iskar. Sati guda muna lalube. Sai Malam ya shigo da wani rediyo da ban taɓa ganin irinsa ba, eriyarsa kamar marfin samira, ya ajiye ta a taga tana kallon sama. Ya ce wannan daga tauraron ɗan'adam yake ɗauka. Ya kunna, na ji murya garau kamar ruwan randa, ba shuu, ba tafiya da dawowa. Ya samo gwangwanin biskit ya haɗa wasu wayoyi a ciki, gwangwanin ya riƙa karɓar muryar daga tauraro yana watsa ta cikin ɗakin kamar ƙaramin gidan rediyo, duk rediyon da na kunna ya kama. Gwangwanin nan yana nan, ga shi can.

A nan na gamu da Ɗankama. Da hantsi yake zuwa, a maimaita shi bayan azahar. Malam ya ce a can ƙasarsu tsakar dare ne, mutane sun ci sun ƙoshi sun taru a wani babban ɗaki don wani mutum ya ba su dariya kafin su kwanta. Turanci yake yi, ni kuwa Turancina bai wuce na ciniki ba, ban taɓa fahimtar abin da yake cewa ba. Amma na san 'yan kama tun ina yarinya, na san tafiyar abin. Zai yi magana a hankali, ya ɗan ja, ya sauke murya kamar zai faɗi sirri, ya jefa kalma ɗaya, ya tsaya. Sai dariya ta sauko. Wani lokaci yayyafi take farawa, can gefe, kafin ta game ɗakin. Wani lokaci gaba ɗaya take zubowa kamar ruwan Agusta a kan kwanon rufi, da tafi da fito. Kuma kullum, ko wane dare ne, akwai mace ɗaya mai makara, sai kowa ya gama ita take ganewa.

Dariyar nan ita ce ma'aunina. Murya ɗaya kowace lasifika tana ɗauka, yadda kowane jaki ke ɗaukar buhu ɗaya. A ɗora mata mutum ɗari da tafinsu a ga ƙarfinta. Mai tsatsa sai ya yi ƙara kamar ana yaga atamfa, mai rawar ciki ya kama karkarwa a tafin hannuna. Numfashi uku ya ishe ni in yanke wa rediyo hukunci.

Shekaru suka tafi a haka. Kamfanin rediyon tauraron ya mutu, muka wayi gari marfin samira ba ya kama komai. Malam Isufu ya hau saman bene ya kafa dish, ya yi ta juya shi har muka sake samo mutumina. An ce da na haɗa da talabijin zan ga fuskarsa, na ce ba na so. Malam Haladu ya rasu, na ci gaba da tabarmata. Na ji muryar Ɗankama tana tsufa, ya fara gyaran murya kafin ya jefa kalmar. Wani lokaci ina riƙe da rediyo sai in ga ɗakin nasu a raina, duhu, kujeru jere har sama, mutane da manyan riguna na sanyi, ni kuma ga ni cikin zafin hantsi gumi na bin bayana, daren wasu yana zuba a hannuna ta cikin gwangwanin biskit. Ban taɓa yin dariya tare da su ba. Aiki nake.

Wani kaya da na duba wa Alhaji Mamuda, shekara shida ko bakwai kafin annoba, shi ne kaɗai aka taɓa kawo mini ƙorafi a kansa. Alhaji Mamuda ɗan kasuwa ne a Kano, ƙananan rediyoyi yake saye masu tocila a ka, irin na masu gadi da makiyaya da tsofaffin ƙauye. Ya zo sari yana dariya ya ce, "Hajiya, wani mai gadi ya dawo mini da rediyonki, wai akwai sauro a ciki."

Na ce, "Sauro?"

"Wai in malam yana tafsiri ya yi shiru, sai ya ji sauro. Ya mari kunnensa har ya gaji."

Na ce, "Alhaji, mai gadi a bakin kwata yake kwana. Sauron a kunnensa yake. Ka ce ya sayi maganin sauro ya bar mini zobena."

Muka yi dariya, aka wuce wurin.

Shekarar annoba ba sai na ba ku labari ba, wasunku suna nan. Aka rufe siton wata da watanni, dish da gwangwani suna ciki, ni ina ɗaki ba abin da nake ji sai tafiyar maƙwabta a saman kaina. Da aka buɗe, aikin farko da ya zo na Alhaji Mamuda ne. Yana Kano, ba jirgi, ta waya ya yi cinikin da Madam Can, kwali talatin. Shekarar ta taɓa shi ƙwarai, abin da ya rage masa ya tattara ya zuba a kayan nan. Lissafinsa su isa kafin kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfani yake waiwayar rediyo. Kwantenar Malam Isufu kuma washegari da yamma za ta tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha, kuma a lokacin ba wanda zai ce maka ga ranar da wani jirgin zai samu. Ya ce, "Hajiya, idona da kunnena duk ke ce." Hajiya Rabi ta biyo mu siton ne tana fakon ko za a rage ɗan wuri ta cusa takalmanta.

Na shimfiɗa tabarma, na cire auduga, na jera biyar na kwalin farko. Hantsi ya yi, na kunna. Ga Ɗankama. Na ji daɗin jinsa, ba zan ɓoye ba, ko da yake muryar ta matso kusa, kamar a ƙaramin ɗaki yake. Ya ja magana, ya sauke murya, ya yi gyaran muryar nan, ya jefa kalma, ya tsaya. Na gyara riƙo ina jiran ruwa.

Ba komai.

Na ce wannan ya haɗiye dariya, na ajiye shi gefe. Na biyu haka. Na uku haka. Na ɗauki alli na ja wa kwalin layi. Madam Can ta taso da sauri, "Mama, Mama! Me ya faru?" Na ce kayanki kurame ne. Na buɗe jaka na ɗauko tsohon rediyon Malam Haladu, wanda nake auna sauran da shi, don in nuna mata yadda lafiyayye ke yi. Na kunna. Ɗankama ya jefa kalma, ya tsaya. Shiru. Can nesa wani kare ya yi haushi sau ɗaya.

Hajiya Rabi, da ta fi mu jin Turanci, ta matso ta saurara. Ta ce, "Yaya Asabe, ai ba kowa a wurin. Cewa yake a gidansa yake, a ɗakin ajiye tarkace. An hana taro a can ma. Matarsa ce ke riƙe masa fitila."

Na ce, "To wa yake ba dariyar?"

"Oho. Ke, ga shi."

Malam Isufu ya ce, "Allah sarki. Ɗan kama ba 'yan kallo, ai mahaukaci ne a kasuwa."

Na goge layin da na ja, na ba Madam haƙuri. Amma ga ni da kwali talatin ba ma'auni. Madam ta ce ba matsala, ta latsa wayarta ta samo dariyar gwangwani, irin wadda aka ɗauka aka ajiye, Malam Isufu ya haɗa wayar da gwangwanin biskit. Na karɓa don ba yadda zan yi. Dariya ce ta mutane da yawa, da tafinta, in ta ƙare ta sake farawa. Na yi kwali shida da ita, na zana zobe shida. A na bakwai na kama kaina ina tunanin farashin attaruhu. Kunnena ya haddace ta, ya san inda mai tari zai yi tari, ya kwanta barci ya bar ni riƙe da rediyo. Ku da kuke cewa a ɗauka a waya a huta, ga amsarku. Kunne ba ya gadin abin da ya riga ya sani.

Na ce a cire. Na zauna. Aka yi azahar, aka fara maimaicin Ɗankama, na bar shi yana yi a ɗaya daga cikin sababbin, ba don gwaji ba, don dai ban san abin da zan yi ba. Na rage murya na kara shi a kunne yadda tsofaffi ke yi. Mutumin nan bai bar tsayawarsa ba. Ya san ba kowa, amma duk ya jefa kalma sai ya bar wa dariya wurinta, daidai tsawon da ya saba, kamar mai zuba wa wanda ya yi tafiya abinci a kwanonsa. Na riƙa shiga cikin wurin nan da ya bari. Na ji numfashinsa. Na ji kujerarsa. Shekara goma sha biyar ina jin ɗakin nan cike, ban taɓa sanin akwai abin ji a ƙarƙashin dariyar ba.

Sai na ji shi. Siriri, can ciki, yana biyo wutsiyar maganar. Da mutumin ya rufe baki sai ya taso, ziii, ya ɗan yi shawagi, magana na dawowa ya ɓuya.

Na ce, "Malam Isufu, kashe fanka."

"Hajiya, a wannan zafin? Mutuwa za mu yi."

"Kashe."

Ya kashe yana gunaguni da Faransanci. Na ɗauki na Malam Haladu, shirunsa wankakke. Na koma sabon, sauro. Na zaro wani, babu. Wani kuma, akwai. Na je kwalayen da na riga na yi wa zobe na zaro, na biyu da na ɗauka yana da shi.

Madam Can ta kara a kunnenta ta girgiza kai. "Meyo, Mama. Meyo." Wato babu. Ba ƙarya take ba, ta girma cikin ƙarar injin, kunnenta ya daɗe da tafiya. Na miƙa wa Malam Isufu na ce ya rufe ido ya jira mutumin ya yi shiru. Muka tsaya mu huɗu ba mai motsi, gumi na ɗiga, babban mutum da gemunsa ya runtse ido da ɗan rediyo ja a kunne. Ɗankama ya jefa kalma, ya tsaya. Sai ga hannun Malam Isufu ya tashi da kansa ya kai wa kunnensa mari, tas!

Hajiya Rabi ta fashe. Ta durƙusa tana riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Malam, ka kashe shi? Nuna mana gawar!" Madam ta kama, Malam Isufu ma ya kama yana shafa kunne. Dariyar ta faɗa daidai wurin da Ɗankama ya bari, ta cika shi, har ta yi masa yawa, ya ci gaba da magana suna yi. Ran nan dai ya samu 'yan kallo, a wani sito a unguwar Sanyuanli, bai sani ba. Ni ban yi ba. Mai gadi nake tunawa.

Madam ta daina dariya da ta ga fuskata. Ta ce wannan ba lalacewa ba ce, rediyo yana magana, tocila tana kamawa, wa zai ji? Na sa Hajiya Rabi ta gaya mata wanda zai ji. Mai sayen wannan ba a shagon kiɗa yake ba. Mutum ne shi kaɗai a bakin ƙofar wani, ko a bayan shanu, ya rage murya don batir ya kai masa sati, ya manna a kunne. Malamin da yake saurare yana karanta aya ya yi shiru, mai fassara ya yi shiru. Rabin abin da ya saya shiru ne. Ni kuwa shekara da shekaru rabin kayan kawai nake dubawa.

Na kira Alhaji Mamuda, a can safiya ce. Na gaya masa komai, na ce sai an saurari kowane ɗaya, kuma shirun da nake bukata sau biyu yake zuwa a rana, sati uku ne aƙalla.

Ya ce, "Hajiya, kin san halin da nake ciki. In jirgin nan ya tafi, kaka ta tafi."

"Na sani, Alhaji."

"Suna magana?"

"Suna yi."

"To ki sa zoben mana. Ba wanda ya taɓa dawo da kayanki."

Na ce, "An taɓa. Mai gadin nan."

"Wane mai gadi?"

"Mai sauro. Gaskiyarsa ce, Alhaji. Ni na yi masa dariya, na ce a kunnensa yake."

Bai ma tuna shi ba, sai da na yi ta kwatance. Ya ce, "Yanzu saboda mutum ɗaya, da ban san ko yana raye ba?"

Na ce, "Mutum ɗaya ne ya iya dawowa. Sauran suna daji. Kayanka ne, in ka ce a loda, yanzu Malam Isufu zai loda, ba zan hana ba. Amma ba zobe."

Ya san abin da hakan ke nufi. Masu sarinsa zoben suke nema kafin su sauke kwali daga mota, in babu za su tambaya, shi kuma ba maƙaryaci ba ne. Na ji yana numfashi, shi ma ya bar nasa shirun mai tsawo. Can ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wannan shekara. Ki yi abin da za ki yi." Ya kashe ba sallama.

Kwantena ta tafi Nansha da takalman Hajiya Rabi a wurin rediyoyin. Madam ta kai wa mai haɗa mata guda biyu, ya gano wata 'yar waya ce ake ɗora ta kusa da inda bai kamata ba, ta karɓi masu sauron ta gyara, ba da son ranta ba. Kayan sun isa Kano kaka ta riga ta wuce, Alhaji ya sha wahalar sayar da su, ya yi kusan shekara bai kira ni ba. Da ya kira bai ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Daga baya 'yan kallon Ɗankama suka dawo, ranar har na ji wata mai makara. Yanzu gwaji biyu nake yi wa kowane rediyo, na dariya da na shiru, sai dai shirun ya yi wuyar samu, don mutanen nan ba sa barin wuri. Ina kama shi ne a ɗan tsakanin da ya sauke murya kafin ya jefa kalmar. In kun ga na ɗaga muku hannu kuna shigowa, abin da nake jira ke nan, ku tsaya a bakin ƙofa.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin ran nan na riga kowa zuwa siton. Na jiƙa tsumma na bi kwalaye shidan nan na goge zobena ɗaya bayan ɗaya, har sai da kwalin ya yi duhu. Na zazzage na farko a tabarma, na sa batir masu rauni, na zare filogin fanka na sa a jakata don kada a yi gardama. Hantsi ya yi, na cire auduga. Mutumin ya gaishe da ɗakinsa da ba kowa, ya ja magana, ya yi gyaran murya, ya tsaya.

Na kara na farko a kunne.